Zazzaɓin Kwamfutar Auta

Da ƙafa ta tura ƙofar shagon, domin hannayenta biyu suna rungume da wata ƙatuwar baƙar kwamfuta, irin ta tebur ɗin nan mai nauyin tsiya. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta dire ta kan benci tana haki.

"Malam, kai ne Likita?"

Likita dai ba na mutane ba ne, mai gyaran kwamfuta ne. Maƙwabtansa na layin shagunan suka laƙaba masa sunan, saboda ba ya kwance na'ura sai ya kara kunne a jikinta ya saurara tukuna. Ya ɗago kai zai amsa, sai ya ga doguwar budurwa da farin tabarau, ga ƙurar alli a gefen mayafinta. Bawan Allah ya shagala da kallo har ya manta akwai ƙarfen narka dalma a hannunsa, sai da ya ɗana masa a yatsa.

"Wash! Eh, ni ne. Sannu da zuwa. Me ke damun ta?"

"Mutuwa take yi. Ina tsakiyar tsere, ina gaban kowa, saura zagaye ɗaya, sai fankarta ta hau ihu, hoto ya fara tsalle, sai ɗif! Sau huɗu ke nan a satin nan."

"Tseren mota na gem? Ke kike bugawa ko ƙaninki?"

Ta zare tabarau ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ce auta a gidanmu, ba ni da ƙani. In kuma ka sake yi min wannan tambayar, zan kwashi kayana in ƙara gaba."

"Tuba nake, ranki ya daɗe."

Auta malamar lissafi ce a makarantar sakandare. In ta taso daga aiki ta ajiye alli, sai ta zauna gaban ɗan sitiyarinta na roba ta kara da mutanen da ba ta taɓa gani ba, waɗanda suka san ta da suna Direba, kuma wallahi suna shakkar ta. Kwamfutar ta yayanta ce, ya bar mata da aka mayar da shi aiki nesa, kuma tun da ta zo hannunta take wannan iskancin. Ga shi akwai gasar share fage nan da sati uku.

Likita ya kunna ta, ya kara kunne, sannan ya kwance gefenta. Ƙura ce a ciki har ta yi katifa.

"Kin ga wannan ɗan abin mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin fanka? Shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar ke nan. In kina rubutu ko kallo, gyangyaɗi kawai yake yi. Da kin kunna gem sai ya tashi haiƙan, ya ɗau zafi. In zafin ya doshi digiri ɗari, sai ya kashe komai don kada ya ƙone. Ba mugunta ba ce, gudun ceton rai ne."

"Wato zazzaɓi take yi."

"Kin ji shi. Kin ma fi ni iya bayani."

Ya fitar da ita bakin ƙofa ya hure ƙurar da bulowa, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo yana atishawa yana Allah ya isa. Ya ɗaga fankar, ya goge tsohon man da ake shafa wa furosesa, wanda ya bushe ya zama gari, ya ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Sannan ya sa mata wata 'yar lamba a kusurwar allo, mai nuna zafin.

"Bismillah, ki gwada."

Ta zauna a kujerarsa ta yi tsere uku a jere, ta cinye duka, da madannai kawai ba sitiyari. Lambar ba ta wuce sittin da takwas ba. Shi kuwa gogan naku ba lambar yake kallo ba, yadda take cije leɓe in za ta sha kwana yake kallo. Kafin ta tashi ya san ya kamu, kamun da ba ya jin magani.

Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"Salam Direba. Likita ne. Jikin mara lafiya nake tambaya."

"Mara lafiya da sauƙi, ban dai tsananta mata ba tukuna. Ita kaɗai kake tambaya?"

"Ina tsoron tambayar mai jinya, kada a zare min tabarau."

"An ba ka izini. Amma tambaya ɗaya a rana."

"To ga ta yau. Me ya sa tun jiya duk kwamfutar da na kara wa kunne muryarki nake ji?"

"Wannan ba tambaya ba ce, rashin lafiya ce. Ka nemi likita."

Ta kife wayar tana murmushi, har Ummanta ta tambaye ta ko an ƙara mata girma a wurin aiki.

Kwana uku tsakani sai ga ta ta sake turo ƙofar shagon da ƙafa.

"Ta koma gidan jiya. Lambar nan taka daga sittin take farawa, ta yi ta hawa ba birki, casa'in, casa'in da tara, ɗif."

Likita ya sosa ƙeya. "A ina kike ajiye ta? Akwai iska a wurin?"

"Ɗakina taga biyu gare shi, ga fankar sama. Ni kaina har sanyi nake ji."

Gaskiya ta faɗa, shi ma bai zurfafa ba. Ya cire fankar furosesan ya sa babba, ya ƙara wata a baya mai fitar da iska, ya tattare wayoyin da suka tare hanya ya ɗaure su gefe. Suka gwada awa guda cur, sittin da biyar. A cikin awar nan ya san ba ta son hayaniya, ta san shi maraya ne, yayarsa ce ta raine shi. Da za ta tafi ya ɗaukar mata kwamfutar har bakin titi, ya tsaya yana ɗaga wa motar hayar hannu har ta ɓace.

Daga nan dokar tambaya ɗaya a rana ta rushe. Ya koma Likitana, ta koma Direbata. Har sun fara maganar ranar da zai zo gaida Abbanta.

Ranar gasar share fage, Auta tana ta biyu, ta manne wa na ɗaya, saura lanƙwasa ɗaya ta wuce shi, sai allo ya yi baƙi.

Ta iso shagon ido jawur, ta dire wa Likita kwamfutar a kan benci. Ya rage wa furosesan gudu kaɗan, ya duba akwatin wutar, ya sake shafa mai, ya bar gem ɗin yana gudu rabin yini. Lambar ta tsaya a sittin da huɗu kamar an kafe ta da ƙusa.

To a nan ne shaiɗan ya raɗa masa wata dabara. Ya lissafa a ransa, kwamfuta lafiya lau a shago, yarinya kuma tana ta dawowa. Sai ya ji kansa ya kumbura. Ya gyara wuyan riga ya yi wani murmushi.

"Direbata, in ganina kike son yi, ba sai kin riƙa wahalar ɗauko wannan uban nauyin ba. Ki zo haka nan kawai, ƙofa a buɗe take."

Jama'a, da ma ƙarfen dalmar ya sake taɓawa ya fi masa sauƙi.

"Me ka ce? Wato ƙarya nake yi? An cire ni a zagayen farko, na yi kuka kamar yarinya, kai kuma kana nan kana zaton yanga nake maka?"

"A'a, wasa nake..."

"Riƙe wasanka."

Ta sungumi kayarta. Ya miƙo hannu zai taya ta, ta watsa masa wani kallo, ya mayar da hannun aljihu.

A gida kuwa wata wutar ce ke jira. Abban Auta kafinta ne, shekara talatin da biyar yana sana'ar. Mutum ne da in ya shiga gidanka, kafin ku gama gaisawa ya bi mahaɗar kujerarka da babban yatsa, in ya ji kafa to ka faɗi a idonsa, kai da wanda ya yi maka ita. Ba ya tambayar ɗan gidan wane ne mutum. Cewa yake, a nuna min aikinsa.

Ranar kuma ya yi baƙo, Manaja, ɗan amininsa mai sayar da katako. Manaja wayoyi uku yake riƙewa, turarensa kan riga shi shiga ɗaki. Shekara biyu yana zarya a kan Auta, ita kuwa ko inuwarsa ba ta son gani, tun ranar da ya ce in sun yi aure zai yaye ta daga wasan yara.

Suka ga ta shigo da kwamfuta a rungume, karo na uku.

"Baba, ai sanannen abu ne," in ji Manaja yana kaɗa mukullin mota. "Masu gyaran nan, su ɗaure ɗaya su kwance ɗaya, don a dawo. Balle ya ga yarinya kamar Auta. Ruwa ai ba ya tsami banza."

Abba ya cire fensirin da ke bayan kunnensa, alamar ransa ya ɓaci ke nan.

"Auta, wannan shi ne yaron da Ummanki ta ce yana son zuwa gaishe ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Abba."

"Sau uku! Ni ƙofar da na sa wa mutum, ba ya dawo min sai dai jikansa ya zo neman irinta. Yaron nan ɗayan biyu ne, ko bai iya ba, ko macuci ne. Wanda bai iya ba yana iya koyo. Macuci kuwa ba zai taka min gida ba, balle in ɗauki 'yata in ba shi."

Auta ta shige ɗaki. Abin haushin, maganar Manaja ta sami wurin zama a zuciyarta, domin ta yi daidai da wasan da Likita ya yi mata ɗazu. Ta ɗauki waya.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Kana barin wani abu a kwance ne don in riƙa dawowa?"

Sai da aka jima amsa ta zo.

"Direbata, wasan da na yi miki wauta ce, ki yafe min. Amma wallahi ban taɓa cin amanar na'urar kowa ba, balle taki. Ba ni da uba, ba ni da gado, sunan nan na gyara shi ne duk abin da na mallaka. Ban san abin da ke kashe ta ba, kuma rashin sanin yana cin raina. In ke ma kin ɗauke ni macuci, to ban san wanda zan yi wa rantsuwa ba."

Ta karanta sau uku, ta share ido, ta ajiye wayar.

Umma ce ta shiga tsakani. Ta kai wa Abba shayi, ta zauna gefe tana gyara ɗankwali. "Malam, gani ya kori ji. Kai da kake cewa a nuna maka aikin mutum, ka yanke wa yaro hukunci a bakin Manaja? A kira shi ya yi a gabanka mana."

Abba ya kurɓi shayin, sannan ya ce, "Asabar, bayan la'asar. In ta mutu a gabana, magana ta mutu."

Likita ya zo da jakar kayan aikinsa da rigar da yayarsa ta goge masa har tana ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Abba da Umma. Manaja ma yana nan, ba wanda ya gayyace shi, ya dai ce wucewa yake yi.

"A fito da ita falo," in ji Abba.

"Baba, ina neman alfarma. A bar ta a inda take mutuwa, a can nake so in gan ta."

Abba ya ɗan dube shi, ya gyaɗa kai. Suka ɗunguma zuwa ɗakin Auta gaba ɗaya.

Taga biyu, kamar yadda ta faɗa. Fankar sama tana juyawa. Ga allo da sitiyari a kan wani tebur da Likita bai taɓa ganin mai kyansa ba, jan katako sumul, kana ganin fuskarka a jiki. Sai dai bai ga kwamfutar ba.

"Ina take?"

Abba ya yi gyaran murya. Duk fushinsa, an zo wurin da ba ya iya yin shiru. Ya durƙusa ya ja ƙofar wani kabad da ke manne a gefen teburin, ta buɗe da 'yar ƙara, fuf. Ga kwamfutar a ciki zaune daram.

"Da hannuna na yi mata, ranar da yayanta ya bar mata na'urar. Ba ƙusa ko ɗaya a jiki. Ummanta ta ce ƙarar fanka tana hana ta barcin rana, sai na bi cikin da soso. Kafar wayoyin nan, daidai kaurinsu na huda, na zagaye da roba. Rufe ka gani, yaro. Ko tururuwa ba ta da hanya. Ko iska ba ta ratsawa."

Ya mayar da ƙofar, fuf, ya shafa ta kamar kan jariri.

Likita ya ƙura wa kabad ɗin ido. Ga ciwon nan a fili, ko kunne bai kara ba. Sati uku yana ƙara fanka a kan fanka, ashe duk iskar zafin da suke fitarwa a cikin akwatin nan take kewayawa ta koma inda ta fito. Kalma biyar ta ishe shi ya wanke kansa tas.

Ya dubi tsohon, wanda fuskarsa ke haske da alfahari. Ya dubi Manaja, da wayoyinsa uku, wanda kafin magariba zai kai wa duk kasuwar katako labarin cewa babban kafinta ya dafa kwamfutar 'yarsa da hannunsa. Gaba kura, baya sayaki. Ya haɗiye maganar.

"Auta, bismillah," in ji Abba.

Ta zauna ta kama sitiyari. Likita ya nuna wa Abba lambar da ke kusurwar allo, ya ce zafin ƙwaƙwalwar ke nan, in ta kai ɗari an gama. Saba'in. Tamanin da biyu. Casa'in da ɗaya. Minti goma sha biyu, allo ya yi baƙi.

Manaja ya tafa hannu. "Ai na faɗa! Malam mai gyara, sai a tattara jaka. Wani wurin kuma a riƙa jin tsoron Allah."

"To, yaro?" in ji Abba. "Mene ne ciwon? Ka sani ko ba ka sani ba?"

Auta ta zuba masa ido, idon yana roƙo. Likita ya juya wurin Abba.

"Baba, a ƙara min gwaji ɗaya. Sai dai ina buƙatar hannu. Ina so in riƙa ganin fankar tana juyawa, ƙofar nan kuma da kanta take komawa saboda kyan aiki. Ko Baba zai riƙe min ita?"

Abba ya yi tsaki, amma yabon ya shige shi. Ya ja kujera ya zauna, ya buɗe ƙofar. Wani hucin zafi ya bugi fuskarsa har ya ɗan ja baya. Ya dai riƙe ƙofar.

Aka sake kunnawa. Saba'in. Saba'in da biyu. Saba'in da ɗaya. Minti goma sha biyar suka wuce, ashirin suka wuce, Auta tana ta sharara gudu, lambar ta ƙi motsi.

Shi fa Abba bai san furosesa ba, amma mutumin awo ne, lamba ba ta yi masa ƙarya. Ya dubi allo, ya dubi hannunsa da ke riƙe da ƙofa. A hankali ya sake ta, fuf.

Saba'in da takwas. Tamanin da biyar. Casa'in.

Ya buɗe. Tamanin da shida. Saba'in da tara. Saba'in da uku.

Ya sake rufewa, ya sake buɗewa. Ba ka jin komai a ɗakin sai kukan motocin gem. Auta ta saki sitiyari ta toshe baki da hannu biyu, motarta ta je ta rungumi katanga. Umma ta juya tana kallon taga, kafaɗunta suna rawa. Likita kuwa ya kafa wa fankar ido kamar yau ya fara ganin fanka a duniya.

Manaja kaɗai bai gane ba. "Ikon Allah! Baba, hannunka akwai albarka. Kana taɓawa ta warke!"

"Manaja," in ji Abba ba tare da ya juyo ba, "ka gaida mahaifinka."

"Ai Baba ban gama..."

"Ka gaishe shi da kyau."

Sai da ƙamshin turaren ya bar gidan sannan Abba ya ɗago.

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun da Baba ya buɗe ƙofar da farko."

"Ka tsaya ana ce maka macuci a gaban yarinyar da kake so, amsa tana bakinka? Me ya hana ka faɗa?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Baba, ni ma da hannuna nake ci. Na san yadda abin yake in aka kushe aikin mutum a gaban wanda bai san wahalarsa ba. Kuma aikin ba shi da aibi. Kyan ne ya yi yawa, na'urar kuma numfashi take so."

Abba ya gyaɗa kai. Can ya juya kan 'yarsa. "Ke kuma malamar lissafi, kullum kina buɗewa kina jin wannan hucin, ba ki taɓa lissafawa ba?"

"Abba, na ɗauka zafin ciwon ne. Kuma ai kai ka yi kabad ɗin, ta ina zan zarge shi?"

Umma ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ni da na nemi barcin rana, ashe ni na jawo!"

Abba ya tashi ya fita, ya dawo da injin huda katako da tef ɗin awo. Aka fitar da kwamfutar, ya ɓamɓare soson. Ya ɗora bakin injin a jikin jan katakon nan, sai hannun ya tsaya. Shekara talatin da biyar yana toshe kafa, yau an ce ya buɗe da gangan. Har cikin ransa abin ya yi masa ciwo, kowa ya gani.

Ya zaro fensirin bayan kunnensa, wanda ko yayan Auta bai taɓa riƙewa ba, ya miƙa wa Likita.

"Kai ka san inda take numfashi. Zana min, ni zan huda."

Likita ya karɓa da hannu biyu. Ya zana ƙasa ta gaba inda iska mai sanyi za ta shiga, da sama ta baya inda mai zafi za ta fita. Abba kuwa da ya fara, sai jinin kafinta ya motsa, ya jera hujin nan reras ya fitar da zanen fure, ya bi da sanfefa. Da aka rufe ƙofa aka gwada, saba'in da biyu, ta zauna.

Likita bai kai bakin titi ba wayarsa ta yi ƙara.

"Likitana, na zarge ka, kai kuma ka rufa wa Abbana asiri. Kunya ta hana ni kallon idonka. Ka yafe wa Direbarka."

"Na yafe tun kafin ki tambaya, hasken idona. Amma zan rama. Tambayar yau, za ki aure ni?"

"Abba ya riga ka. Yana nan yana tambayar Umma ko gado mai faɗin ƙafa shida zai shiga ɗakinka."

Sai dai da sauran rina a kaba. Manaja ya baza labari ko'ina cewa mai gyara ya kasa, sai da tsohon kafinta ya sa hannu. Maganar ta iso har layin shagunan. Mai ɗinki ya riƙa leƙowa yana cewa, "Likita, in ta gagara a kira surukinka mana!" Wasu da suka saba kawo masa aiki suka fara wuce ƙofar. Auta ta ji haushi ta ce za ta fasa ƙwai kowa ya ji, ya ce mata a'a, a bar kaza cikin gashinta. Abin yana cin sa, ta sani, domin wani lokacin sai ta tarar da shi zaune shiru yana jujjuya sukundireba. Amma ko yayarsa bai gaya wa ba.

Gasar ta sake zagayowa bayan wata huɗu, Direba ta zo ta biyu, ta ce kuma sitiyarin ne ya cuce ta. Sati biyu bayan nan aka ɗaura aure.

Wurin ya cika maƙil, kafintoci, 'yan katako, malaman makaranta, da duk layin shagunan. Manaja ma ya zo, a sahun gaba. Ana shirin tashi sai Abba ya miƙe ya ce a ba shi abin magana. Umma ta zaro ido, domin mutumin nan ko a taron 'yan'uwa ba ya cewa komai.

"Jama'a, ina da magana ɗaya. Kuna ta yawo da labarin wai ni na gyara kwamfutar Auta. Ƙarya ne. Ni na lalata ta. Na yi mata kabad na toshe ko'ina, na hana ta iska, ta riƙa suma. Yaron nan yana shiga ɗakin ya gane. Da bakina na kira shi macuci, a gidana aka yi masa dariya, ya yi shiru don kada a yi da ni. Wata biyar yana ɗauke da kunyar da tawa ce. To yau na karɓi kayana. Duk mai dariya ya yi da ni, ga ni nan tsaye."

Ba wanda ya yi dariya. Mai ɗinki ya cire hula yana fifita da ita, Manaja ya shiga duba wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Abba ya juyo wurin angon. "Kullum ina cewa a nuna min aikin mutum. Na ga naka, ɗana. Na ji ka ce ba ka da uba, to daga yau kada in sake jin wannan maganar."

Likita ya durƙusa ya kama hannun tsohon, hawaye suna zuba a kan sabuwar rigarsa, bai ko damu ya share ba. Can cikin mata amarya tana kuka tana dariya, tabarau ya yi hazo, Umma tana goge mata.

Abba ya ɗora ɗaya hannun a kansa. "Allah Ya yi muku albarka, kai da ita. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Yadda ka rufa min asiri, Allah Ya rufa naka duniya da lahira."

Wurin gaba ɗaya ya ɗauka, "Amin!"